Gudawar jarirai mai ƙin tsayawa, auren zumunci da kuromosom na 6: amsoshin likita

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne a fannin lafiya. An koya mana cewa yankin MHC na garkuwar jiki ne, sai kuma na ga ana cewa akwai ƙwayoyin gado masu sarrafa RNA a cikinsa. Me ya haɗa su?

Amsa: Yankin MHC tarin ƙwayoyin gado ne a kan gajeren hannun kuromosom na 6 (kuromosom ƙunshin DNA ne a cikin tantani, wato ƙwayar halittar jiki), tsawonsa ya kusa haruffan DNA miliyan 4. An fi saninsa da HLA, alamomin da garkuwar jiki ke bambance nata da baƙo da su, waɗanda ake gwadawa kafin dashen ɓargo ko ƙoda. Amma tsakiyarsa, wato aji na uku, cunkushe yake da ƙwayoyin gado kimanin 60, kuma da yawansu ba yaƙi da cuta suke yi kai tsaye ba.

DNA kamar kundi ne da ba a fita da shi daga ɗaki. RNA shi ne kwafin da ake fitarwa a kai wa masu ƙera furotin. Kowane mataki na wannan aiki da mai kula da shi, kuma ƙwayoyin gadon wasu daga cikinsu suna cikin aji na uku ɗin nan. NELFE yana cikin rukunin da ke dakatar da mai kwafin bayan ya rubuta haruffa 20 zuwa 60, har sai umarni ya zo. DDX39B yana taimakawa a yanke sassan da ba a buƙata, a fitar da kwafin daga cibiyar tantani. DXO yana kawar da kwafin da murfin kansa ya lalace. SKIV2L kuwa yana warware RNA da ya gama aiki ko ya samu aibu, ya miƙa shi ga injin da ke narkar da shi.

Ga alaƙar: tantani yana gane shigowar bairos ne idan ya ga baƙon RNA. In nasa RNA ɗin ya taru ba a share ba, masu gadin tantanin sai su ɗauka maƙiyi ne, su saki intaferon, sinadarin yaƙi da bairos, ba gaira ba dalili. An ga alamar haka a jinin wasu yara da SKIV2L ɗinsu ba ya aiki.

Tambaya: Likita, ɗiyata wata huɗu, tun tana sati uku take gudawa kamar ruwa, ba ta ƙiba, gashinta yana kakkaryewa. Yayanta ma haka ya yi har ya rasu. Ni da mijina 'yan wa da ƙane ne.

Amsa: Allah ya ba ki haƙurin rashin yaron, 'yar'uwa, ya ba wannan lafiya. Kada ki jira gobe, ki kai ta asibitin da ke da likitan yara. Gudawar da ta wuce kwana 14 ta fi ƙarfin maganin gida. Kafin ku isa, ki ci gaba da ba ta nono akai-akai, ki haɗa ruwan gishiri da sukari na leda bisa ma'aunin da ke jikin ledar, ki ba ta mililita 50 zuwa 100 da cokali bayan kowane bayan gida. Zink ɗin ƙasa da wata shida miligiram 10 ne a rana, kwana 10 zuwa 14. Idan maɗigarta ta loɓa, idanu suka faɗa, ta ƙi kama nono ko kika ga jini, abin gaggawa ne ko da tsakar dare.

Likita zai fara da abubuwan da suka fi yawa: ƙwayoyin cuta a hanji, ƙanjamau, rashin jituwa da madara, tamowa. Amma abubuwa uku a saƙonki sun sa dole a tuna da ciwon gado: farawa tun makonnin farko, faruwarsa ga ɗan'uwanta, da zumuncinku. Ɗaya daga cikin irin waɗannan shi ne ciwon gashi da hanta da hanji, wanda likitoci ke kira THES. Lalacewar ƙwayar gado TTC37 a kuromosom na 5 ce ta fi haddasa shi, sauran kuma SKIV2L, wanda aka gano hannunsa a ciki a 2012. Su biyun a rukuni ɗaya suke aiki, shi ya sa alamun suke kama.

Yaron yakan zo duniya ƙarami, da faɗin goshi da tazara tsakanin idanu. Gashin yana da kaushi, yana tsigewa da sauƙi, kuma a madubin likita ana ganin ƙulle-ƙulle a jikin silin inda yake karyewa. A nan ake yawan ruɗewa, domin tamowa ma tana sa gashi ya yi ja ya yi laushi. Bambancin shi ne gashin mai tamowa yana gyaruwa idan abinci ya zauna, na THES ba ya canzawa.

Ki roƙi a duba aikin hanta, a auna sinadaran kariya na jini, musamman IgG, a duba silin gashi. Tabbaci sai da gwajin karanta ƙwayoyin gado, wanda sau da yawa sai an tura jinin waje. Ba a samu maganin da ke warkar da shi ba tukuna. Abin da ke riƙe rai shi ne ciyarwa ta jijiya idan hanji ya kasa, da ƙarin IgG ga wanda nasa ya yi ƙasa. Wasu yaran hanjinsu yakan ƙara ƙarfi da girma har a rage musu ciyarwar ta jijiya. Ki kuma faɗa wa likitan tarihin yayanta kafin allurar rigakafi ta gaba, shi zai tsara wadda ta dace, kada ki dakatar da kanki.

Tambaya: Zan auri 'yar kawuna. Mun yi gwaji, mu duka AA ne. Ke nan mun tsira daga cututtukan gado?

Amsa: Kun tsira daga amosanin jini, Malam, wannan kuma babban abu ne. Sai dai gwajin ƙwayar gado ɗaya tak yake dubawa, a kuromosom na 11. Bai ga SKIV2L ba, bai ga VARS1 ba, wanda shi ma yana yankin MHC kuma lalacewarsa na kawo ƙaramin kai, farfaɗiya da jinkirin girma. Waɗannan sai yaro ya gaji aibun daga uwa da uba duka. Idan ku biyun kuna ɗauke da shi, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, ko da na baya ya kamu. Cututtuka ne da ba kasafai ake gani ba, kuma mafi yawan 'ya'yan auren zumunci lafiyarsu lau. Ku zauna da manyan gida ku tambayi tarihi har zuwa kakanni: jarirai da suka rasu da ciwo iri ɗaya, farfaɗiya tun yarinta, ciwon hanta. In an samu, ku ga likitan yara ko masanin gado kafin ɗaurin aure.

Tambaya: Ina da lupus. In yi gwajin waɗannan ƙwayoyin?

Amsa: A'a, Hajiya, ba zai canza maganinki ba. Gaskiya ne yankin MHC yana da hannu a lupus, ciwon da garkuwar jiki ke yaƙar jikin da kanta: ƙarancin kwafin ƙwayar gado C4A, maƙwabcin su SKIV2L da DXO, yana ƙara haɗarin lupus. Amma ƙwayoyin wurin a dunƙule ake gadonsu, don haka da wuya a ware mai laifi, kuma mutane da yawa suna ɗauke da su ba su taɓa kamuwa ba. Kuɗin gwajin ki sa shi a duba fitsari don ganin furotin, da awon jini da na ƙoda a kan lokaci, domin lupus yakan taɓa ƙoda kafin mutum ya ji komai.