Baba ya dawo daga asibiti da sababbin magunguna: ya ci gaba da shan na da?

Tambaya: Mahaifina ɗan shekara 70 ne, yana da hawan jini da ciwon suga. An kwantar da shi a asibiti nan Zariya, aka sallame shi da magani kala 5. A gida kuma akwai waɗanda yake sha tun da, ga diclofenac da muke saya masa a kemis saboda ciwon gwiwa, ga wani jiƙo da ƙanwarsa ta aiko. Ya haɗa duka ne? Daga wata mai karatu a Tudun Wada.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Kada ya haɗa. Ya ci gaba da na sallama yadda aka rubuta, sauran kuma ki zuba su a leda ɗaya da kwalayensu, har da jiƙon, ki kai wa likitansa ko mai harhaɗa magunguna na asibitin gobe-goben nan, ba sai ranar dawowa ba.

Masu bincike kan kariyar majinyata sun daɗe da gano cewa kuskuren magani ya fi yawa a lokacin da mara lafiya ke sauya hannu: ranar kwantarwa, ranar sauya ɗaki, da ranar sallama. Shi ya sa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin rage cutarwar magani a 2017, ta sa wannan gaɓa cikin abubuwa uku da za a fi sa wa ido, tare da shan magunguna da yawa a lokaci guda da kuma magungunan da haɗarinsu ya fi girma. Baba ya shiga duka ukun.

Abu na farko da nake tsoro shi ne ninki. Magani ɗaya yana zuwa da sunayen kamfanoni daban-daban, launi daban, kwali daban. Sai mutum ya sha amlodipine, maganin hawan jini, na asibiti ya ƙara da na gida, yana zaton magani biyu ne daban, jini ya faɗi, jiri ya kayar da dattijo a banɗaki. Na suga ya fi muni. Glibenclamide kan sauke suga sosai a jikin tsofaffi, musamman wanda bai dawo da cin abinci kamar da ba.

Diclofenac kuwa a ajiye shi daga yau. Shi da ibuprofen suna ɗaga hawan jini, suna cin ciki, suna rage jinin da ke isa ƙoda. Idan a cikin na sallama akwai lisinopril, wani maganin hawan jini, da maganin sa fitsari, haɗuwarsu da diclofenac na iya taɓa ƙoda cikin 'yan kwanaki, kuma mai ciwon suga dama ƙodarsa a wahale take. Wannan yana damuna ƙwarai, domin mutanenmu ba sa ɗaukar maganin ciwon jiki a matsayin magani, ko likita ya tambaya ba a ambatarsa. Kafin a gan shi, ya sha farasitamol, kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini, kuma ki duba maganin mura, da yawansu akwai farasitamol a ciki.

Jiƙon ma kada ki ɓoye don gudun faɗa. Likita ba zai iya auna abin da ba a gaya masa ba.

A wajen, ki nemi a rubuta miki a takarda ɗaya: sunan kowane magani, amfaninsa, lokacin sha, da waɗanda aka dakatar. Ki tambaya ko za a auna ƙodarsa. Idan wani magani ya taɓa kawo masa ƙaiƙayi ko kumburi, ki faɗa, akwai fom mai ruwan ɗorawa da ma'aikatan lafiya ke cikewa su aika wa NAFDAC.

In kin ga zufa da rawar jiki da ruɗewa, wato alamun faɗuwar suga, ki ba shi ruwan suga idan yana iya haɗiya, ku tafi asibiti. Haka ma raguwar fitsari, baƙin kashi, ko kumburin leɓe da harshe: kada ku jira gari ya waye.