Amsa: Juji a bayan gidajenmu, wa za mu riƙe?

Malam, ka ce motocin shara sun mai da filin bayan gidajenku juji, hayaƙi da ƙuda sun hana ku sakat, kana tambaya ko ƙaramar hukuma za ku riƙe ko gwamnatin jiha. Ku fara da ƙaramar hukuma, kuma a rubuce. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kwashe shara cikin ayyukanta. Ku rubuta wa ciyaman a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ku tambayi wa ya ba da filin, wane ɗan kwangila ke jibge sharar, kuma ko an tantance illar wurin ga muhalli. Kwana 7 dokar ta ba su su amsa.

Sharaɗin dai, kada ka baro sakatariya sai an buga wa kwafinka hatimi da kwanan wata. Mu takardarmu ta farko ɓata ta yi, kansila kuwa kullum "ana kan magana", har damina ta faɗi, baƙin ruwan jujin ya fara gangarowa bakin rijiyar masallaci. Sai da muka sake rubutawa da sa hannun mai unguwa da liman, muka haɗa hotuna, muka aika wa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, kwafi, sannan aka turo jami'in duba-gari. Idan a birnin Kano kake, ka kai wa REMASAB, hukumar kwashe shara ta jiha, nata kwafin, don sharar cikin gari ita ke kwashewa.