Zuwa ga ƙanwata a Tawa: tattakin nan ba ya ba da biza

Ƙanwata, saƙonki ya iso ni nan Greensboro, a Amurka. Ina gaida Inna da duk mutanen gida. Kin ce kin ga hotona cikin riga mai ruwan hoda, kin ji labarin na yi tattakin yaƙi da sankarar mama, kina tambaya ko in kika yi rajista za su aiko miki takardar gayyata ki samu biza, daga nan ki zarce karatu. Kin kuma tambaya ko ana biyan masu tafiyar.

Ba a biyan kowa ko tamma, ke ce ma za ki kawo kuɗi. Rajistar kuma ba ta ba da biza. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya samo miki gayyata ta wannan hanya, cin ki zai yi. Biza ga ɗan Nijar ta yi wuya ƙwarai a 'yan shekarun nan, kuma ta karatu hanyarta daban: sai makaranta ta karɓe ki, ta ba ki takardar da ake kira I-20, ki nuna kuɗin da zai riƙe ki. Ko kin zo, doka ta ba ɗalibi awa 20 kawai a mako ya yi aiki lokacin da ake karatu, shi ma cikin makaranta.

Tattakin da na yi shi ne na ƙungiyar Susan G. Komen, wadda Nancy Brinker ta kafa a 1982 don cika alkawarin da ta yi wa yayarta Susan, da ciwon ya kashe tana da shekara 36. Mil 60 ake takawa cikin kwana uku, kusan kilomita 97, wato ya ɗara rabin hanyar Tawa zuwa Ƙonni nesa ba kusa ba. Na yi nawa a San Diego cikin watan Nuwamba. A shekarar, sai kowa ya tara dala 2,300 kafin a bar shi ya taka, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta gida ba, sama da miliyan ɗaya na sefa. In bai cika ba, ko ki cike daga aljihunki ko ki haƙura.

Wata shida na yi ina shiri. Na ɗauka wadda ta tashi tana ɗaukar tulu daga rijiya ba ta buƙatar koyon tafiya, ashe kwalta daban take da rairayi. Na fara da kilomita 5 bayan sallar asuba, kafin in tafi wurin tsofaffin da nake kula da su. Kowane mako in ƙara kaɗan, har na kai 29 ranar Asabar, in kwana in tashi in yi 24 ranar Lahadi, don jiki ya saba da tafiya a kan gajiyar jiya. A mako na tara diddigena na hagu ya yi bororo ya fashe, safa ta manne da naman, sai da na jiƙa ƙafar a ruwan ɗumi kafin ta fita. Wata tsohuwa Ba'amurkiya da aka yanke wa mama ɗaya, wadda muke atisaye tare, ita ta zaunar da ni bakin hanya ta koya mini: takalmi ya ɗan fi ƙafa girma don tana kumbura, a guji safar auduga don tana riƙe gumi, a shafa basilin tsakanin yatsu, a sake safa da tsakar rana.

Tara kuɗin ya fi tafiyar wuya. Mu ba mu saba roƙo don wanda ba mu sani ba. Na yi dambu da kopto da zoɓo na kai wuraren suna da biki na 'yan Nijar, matan adashinmu suka bar mini zubi ɗaya. Abin da ya fi buɗe hannun mutane shi ne ranar da na daina jin nauyi na faɗi sunan ciwon a gaban maza, na ba da labarin Gwaggo. Kin san yadda aka yi. Ta ji ƙullutu a mamanta ta rufe da zane har shekara ta zagayo, aka ce daji ne, ba ya son allura ba ya son wuƙa, aka yi ta shafe-shafe da turare. Ranar da na ga wurin, fatar ta koma kamar ɓawon lemu, kan maman ya shige ciki. Ko da aka kai ta Yamai ya riga ya bazu. A lokacin babu na'urar gashi, wadda ke ƙona sankara da haske, ko ɗaya a Nijar, sai mai hali ya fita waje. Sai a 2021 aka buɗe sashen gashi a cibiyar yaƙi da kansa ta ƙasa da ke Yamai. Bayan na gama magana, wani direban babbar mota ya bi ni har waje ya ba ni dala 100, ya ce yayarsa ma haka ta tafi.

Hukumar lafiya ta duniya ta ce a 2022 mata miliyan 2.3 aka gano suna da ciwon, 670,000 suka rasu. Nan yawancinsu ana gano shi da wuri su warke, a gida kuwa sai ya ci ƙarfi ake zuwa likita. Shi ya sa ranar ƙarshe, ana ta kuka da murna, ni hankalina yana Ader, yankinmu na Tawa. Kuɗin da na tara ya yi amfani, amma bai biya wa ko mace ɗaya kuɗin mota daga Tawa zuwa Yamai ba, tafiyar sama da kilomita 500, ga masauki, ga abincin mai jinya.

Tunda na ji a muryarki abin Gwaggo bai bar ki ba, ga shawarata. Ki ci gaba da neman karatu ta hanyarsa, zan taya ki duba takardun. Tattakin kuma ki yi shi nan inda kike. Oktoba ne watan wannan yaƙi a duniya. Ki tara 'yan ajinku na jami'a, ku nemi izinin hukuma, ku fara atisaye tun yanzu da sanyin safiya, kilomita 10 ma ya isa a farko. Ku samu ungozoma ko likita ta yi wa mata bayani da Hausa: ƙullutu a mama ko hammata, jini daga kan mama, fata ta sake kama, duk a je a duba ba tare da jira ya yi zafi ba, don sau da yawa ba ya zafi a farko. Kuɗin da kuka tara a rubuta shi a littafi, mutum biyu su sa hannu, a karanta a gaban kowa.

Ni da matan adashi za mu ɗauki kuɗin ruwan sha da riguna. Ki aiko mini lambar takalminki, akwai mai zuwa gida bayan sallah.