Mabiya 4,000 Amma Ba Mai Sayen Albasa: Ina Gizo Ke Saƙa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne mazaunin Agege, ina taya mahaifina harkar albasa da busasshen barkono da citta a kasuwar Mile 12. Shekara guda ke nan da na buɗe wa rumfarmu shafi a Facebook da Instagram. Mabiya sun kai kusan 4,000, na biya kuɗin talla har sau uku, wajen naira 30,000 gaba ɗaya, amma ko buhu biyar ban sayar ta can ba. Masu yi mini magana yawanci 'yan'uwanmu ne na Kano da Sakkwato, su yaba su wuce. Burina in samu gidajen abinci da otal-otal na Ikeja da Lekki su riƙa saye a hannunmu kai tsaye. Baba ya fara cewa ɓata lokaci nake yi da waya. Ta ina zan ɓullo wa lamarin?

Mai karatu daga Agege

AMSA

Wa'alaikumus salam, ƙanena. Allah ya yi wa kasuwa albarka, ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Kada ka ji haushin maganarsa. Ɗan kasuwa da abin da ya shiga aljihu yake auna aiki, kuma a wannan ma'auni shekararka ta farko ba ta biya ba. Sai dai wayar ba ta da laifi. Ka kasa kayanka ne a hanyar da masu sayensu ba sa bi.

Na tabbata da Hausa kake yawan rubutu, kuma abokanka ne suka fara bin shafin. Facebook da Instagram, waɗanda duk na kamfanin Meta ne, suna lura da irin mutanen da suka tsaya a kan abin da ka wallafa, sai su ci gaba da kai shi gaban masu kama da su. Basakkwace ya yaba, aka kai wa wani Basakkwacen, shi ma ya yaba. To, mutumin da albasa ke jibge a bayan gidansa, me zai saya a Mile 12? Kuɗin tallan ma haka suka tafi. Idan ka danna maɓallin talla ba ka zaɓi wuri da manufa ba, na'urar za ta nemo maka waɗanda suka fi arhar danna alamar yabo, ko'ina suke a Najeriya. Duk ranar da za ka sake biya, ka zaɓi unguwa, misali Ikeja da 'yan kilomitocin da ke kewaye da ita, ka sa manufar ta zama a turo maka saƙo ta WhatsApp, ka rubuta da Turanci mai sauƙi ko Turancin buroka da kowa ke ji a Legas. Ka sa a lissafi cewa tun Janairun 2022 ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan kuɗin tallan. Amma ni shawarata, ka dakatar da biya har wata biyu, domin akwai aikin da ya riga talla.

Ka zauna da Baba ka tambaye shi yadda magabatanmu suka kafa cinikin goro a Agege, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano wajen 1912. Baƙo zai sauka da kuɗi ko da kaya, bai san kowa ba. Mai gida ne ke saukar da shi, ya adana masa dukiyarsa, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa idan ta kai ga bashi. Mai kaya bai san baƙon ba, amma ya san mai gidansa, shi ke nan ciniki ya faɗa. Har gobe haka ake yi a Mile 12 da mayankar Oko-Oba. Yanzu ka dubi matar da ke da gidan abinci a Opebi. Ba ta san ka ba, ba ta san Baba ba, kuma mai yiwuwa an taɓa cinye mata kuɗi a intanet, ko an kawo mata buhun da samansa zaɓaɓɓu ne, ƙasansa ruɓaɓɓu. Tana bukatar wanda zai tsaya maka. Aikin shafinka ke nan, ya zama mai gidanka a gabanta. Duk abin da za ka wallafa, ka tambayi kanka ko zai sa hankalin baƙuwa ya kwanta har ta tura kuɗi.

Hoton albasa mai sheƙi da aka ɗauko daga wani wuri ba ya yin wannan aikin. Gani ya kori ji. Kowace safiya ka ɗauki bidiyo na daƙiƙa 30 a cikin rumfarku: ka kwance bakin buhu, ka zazzage shi gaba ɗaya a kan tabarma a ga na ƙasa, ka yanka guda biyu a ga cikinsu, ka faɗi kwanan wata da inda kayan suka fito, ko Aliero ne a Kebbi, ko cittar Kachia ce daga Kudancin Kaduna, sannan ka faɗi farashin ranar. Wannan maganar farashi ina so ka riƙe ta da kyau, domin a nan 'yan kasuwarmu da yawa ke yi wa kansu. Sun saba da sai an zo an taya, don haka sai su rubuta a yi musu magana a asirce kafin su faɗi kuɗi. Mai girkin biki da ke lissafin abincin mutum 300 na ranar Asabar ba ta da wannan lokacin, wanda ya rubuta farashi shi za ta kira. Na san kuɗin albasa ba ya zama wuri ɗaya, yana faɗuwa lokacin da sabuwa ta shigo da rani, ya yi tashin gwauron zabi wajen ƙarshen shekara. Shi ya sa kake haɗa shi da kwanan wata. In kuma kaya ya yi tsada, ka faɗi dalili. Lokacin da wata cuta ta cinye gonakin citta a Kudancin Kaduna a 2023, mai sayen da aka yi wa bayani ya fahimta, wanda aka ɗaga wa kuɗi ba magana kuwa gani ya yi ana cutarsa.

Ka sayi sikeli mai kyau. Mu da buhu da kwando da robar fenti muke awo, gidajen abinci da otal da kilo suke lissafi. Ka nuna kayan a kan sikelin a cikin bidiyon.

Shagonka na gaskiya a waya shi ne WhatsApp Business, wanda aka fito da shi a 2018 don ƙananan 'yan kasuwa, kuma kyauta ne. Ka cika sunan rumfa da lambar layinku a kasuwa da lokutan buɗewa, ka zuba kayanka a kundin kaya da ke ciki, ka yi amfani da laƙabobin da yake bayarwa wajen ware sabon mai tambaya da wanda ya biya da wanda ake bi bashi. Akwai jerin aika saƙo ɗaya ga mutane har 256 a lokaci guda, amma da sharaɗi: sai wanda ya ajiye lambarka a wayarsa saƙon zai isa gare shi. Sitatus ma haka, sai kun ajiye lambar juna, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Ka ga ashe abin da ya kamata ka riƙa ƙirgawa shi ne mutum nawa masu tukunya a kan wuta suka ajiye lambarka. Arba'in irinsu sun fi maka dubu huɗun can. Ka kuma sa rumfarku a taswirar Google ta hanyar Google Business Profile, shi ma ba a biya, ka roƙi duk wanda ya ji daɗin kayanka ya rubuta shaida a wurin.

Su waɗannan arba'in ɗin, da ƙafa ake nemo su. Zumunci a ƙafa yake, na kasuwa ma haka. Kuma ina ganin ka hango nesa ka tsallake na kusa. Masu tsire da balangu daga Obalende har Ajah, da masu shayi, da masu haɗa yaji, kusan duk mutanenmu ne, kullum cikin bukatar albasa da barkono da citta suke, kuɗi hannu suke biya, kuma sallar Juma'a ɗaya kuke yi da wasunsu. Daga su sai mata masu girkin bukukuwa da masu buka, waɗanda yawancinsu Yarbawa ne da Inyamurai. Da ɗan gari akan ci gari: mace ɗaya daga cikinsu in ta yarda da kai, ita za ta jefa lambarka a zauren WhatsApp na abokan sana'arta, kuma maganarta ɗaya ta fi tallan wata guda. Ka koyi gaisuwar Yarbanci da ladabinta, yana buɗe ƙofa ƙwarai.

Ka ɗauki littafi ka rubuta wurare 30 a kan hanya ɗaya, daga Ketu zuwa Ojota, Maryland, Allen, Opebi. Ka je tsakanin ƙarfe 3 da 5 na yamma, bayan cunkoson abincin rana ya lafa. Ka bi ta ƙofar baya, ka nemi kuku ko mai kula da sito, domin su ne ke taɓa kayan da hannunsu, manaja sau da yawa sa hannu kawai yake yi. Ka riƙe ɗan samfuri a leda mai tsabta da lambarka a jiki. Kada ka nemi su bar mai kawo musu kaya, ka ce su ajiye lambarka saboda ranar da ya makara. Ranar tana zuwa. In ka kai kaya sau biyu lafiya, sai ka nemi alfarma ɗaya, su haɗa ka da mutum guda. Lekki kuwa ka ɗan jinkirta mata. Daga Mile 12 sai ka haye gadar Third Mainland, ga cunkoso, ga shi tun Yunin 2022 an hana acaba a ƙananan hukumomin Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland, buhun albasa kuma ba kayan akwatin ɗan aike ba ne. Sai ka tara masu saye huɗu ko biyar a can, ka sa musu rana ɗaya a mako, mota ɗaya ta kai, sannan kuɗin dako zai fita.

Manyan otal-otal suna da nasu sharuɗɗan, gara ka sani tun yanzu. Za su tambayi takardar rajistar CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, da asusun banki mai sunan kasuwancin, da rasit mai tambari. Da yawansu ba sa biya ranar da aka kai kaya, sai bayan makonni. Albasa kuwa a can gida kuɗi hannu aka sayo ta. Idan jarin Baba ba zai jure wannan jira ba, babban ciniki na iya karya ku fiye da rashinsa. Rajistar sunan kasuwanci dai ka yi ta ko ba don otal ba, ta intanet ake yi, kuma mai tura kuɗi ya fi natsuwa in ya ga sunan rumfa ya fito. In har za ka fara niƙa barkono ko citta kana ɗurawa a leda da sunanka don shaguna, wannan ya shiga hurumin NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna. LinkedIn, dandalin sada zumunta na ma'aikata da kamfanoni, na da amfani wajen gano wanda ke riƙe da sayen kaya a babban otal ko kamfanin sarrafa abinci, amma ba shi ne gabanka ba a bana. Baje kolin da Ƙungiyar 'Yan Kasuwa da Masu Masana'antu ta Legas ke shiryawa duk Nuwamba a dandalin Tafawa Balewa, ka je ko da a matsayin ɗan kallo, ka gaisa da masu sarrafa kayan miya ka karɓi lambobi. Asusun samar da aikin yi na LSETF da gwamnatin jihar Legas ta kafa a 2016 yana ba ƙananan 'yan kasuwa rance, kuma katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna jihar, na cikin abin da ake nema, don haka ka yi katin tun kafin bukata ta taso.

Akwai abin da ke ci mini rai, dole in faɗa maka. Na san wani bawan Allah mai sayar da hatsi da aka kira shi, aka ce za a sa shi a zauren masu samun tallafi, ya karanto lambobi shida na tabbatar da WhatsApp da suka shigo wayarsa. Kafin la'asar an ƙwace masa WhatsApp, ana bin abokan cinikinsa ɗaya bayan ɗaya da sunansa ana karɓar kuɗi. Amanar shekaru ta zube a yini guda, har yau wasu ba su dawo ba. Lambobin nan shida ba a ba kowa, ko wa ya ce shi ne. Ka kunna kariya ta biyu mai lambar sirri a cikin saitin WhatsApp yau ɗin nan. Kada kaya ya bar rumfa saboda hoton rasit ko saƙon alat, sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka. Kada ka jefa mutane a zaure ba da izininsu ba, ko ka raba lambobinsu. Ban da zubar da mutunci, akwai dokar kare bayanan jama'a tun 2023. Sannan duk mai saye ka rubuta sunansa da lambarsa da abin da yake saye a littafi na takarda. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke kusan awa shida a duniya baki ɗaya, Twitter kuma an rufe shi a ƙasar nan daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Masu littafi sun ci gaba da kiran mutanensu.

Baba kuma ka jawo shi ciki. Ka roƙe shi lambobin tsofaffin abokan cinikinsa guda goma, su ne za su fara shiga jerin da za ka riƙa tura wa farashin safiya. Ka ware shafi ɗaya a littafin don cinikin da ya zo ta waya kaɗai, da kwanan wata da adadin buhu da riba bayan an cire kuɗin dako da na data, ka riƙa nuna masa duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Bayan wata biyu ka sake rubuto mini abin da shafin littafin ya nuna, daga nan sai mu duba ko lokacin biyan talla ya yi, da kuma unguwar da za a fara da ita.