Tsohon mai tabarau da 'yarka ta sa a shafinta

Yaya, na ga saƙonka. A fili tambayarka ita ce wane ne wannan Basinen da 'yarka ta sa hotonsa a Facebook, har mutanen gida na cewa ko wani limamin addininsu ne. Amma na san ka, na kuma san abin da ke ƙarƙashin maganar: ko yarinyar nan tana nan a Bahaushiya, ko Sin ta haɗiye ta.

Mutumin ba limami ba ne. Liang Sicheng ke nan, masanin zanen gine-gine da tsara birane. An haife shi a Tokyo a 1901, lokacin mahaifinsa Liang Qichao yana gudun hijira a Japan. Ya yi karatu a Jami'ar Pennsylvania a Amurka tare da Lin Huiyin, wadda ya aura a 1928. Ita an hana ta shiga sashen gine-gine don kawai mace ce, sai ta yi rajista a sashen zane tana bin darussan ta gefe. Sai a 2024 jami'ar ta ba ta digirin, bayan ta rasu tun 1955. Ka ga abin da ya kama zuciyar yarinya mai karatun gine-gine.

Da suka dawo gida, su biyun sun yi shekaru suna yawon ƙauyuka da igiyar awo, suna hawa rufin tsofaffin gine-gine cikin ƙura da kashin jemage. A 1937 suka gano ɗakin ibada na Foguang a lardin Shanxi, ginin katako tun shekara ta 857, bayan masanan Japan sun ce irinsa ya ƙare a Sin. Matar ce ta hango rubutun da ke jikin katakon rufi. Shi ya kafa sashen gine-gine na Jami'ar Tsinghua a 1946, kuma a 1947 yana cikin waɗanda suka zauna kan zanen hedkwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York.

Abin da aka fi tunawa da shi kuwa, faɗan da ya sha kaye ne. A 1950 shi da wani masanin tsara birane, Chen Zhanxiang, suka ba da shawarar a gina ofisoshin sabuwar gwamnati a yamma da tsohon birnin Beijing, a bar cikin gari yadda yake, ganuwa kuma a mai da samanta lambun shan iska. Masu ba da shawara daga Tarayyar Soviet suka ce a'a, a tsakiyar gari za a yi. Aka bi tasu. Aka yi ta rushe ƙofofi da ganuwa, yau babban titin zobe na biyu ne kwance a gurbinta, jirgin ƙarƙashin ƙasa na bi ta ƙasansa. In ka hau layi na 2 za ka ji ana kiran tashoshi, Xizhimen, Andingmen, Chaoyangmen, duk sunayen ƙofofi ne, ka fito sama ba ƙofa sai motoci. Ƙofar Yongdingmen da aka rushe a 1957, a 2004 aka koma aka gina kwaikwayonta. Shi kuwa an wulaƙanta shi a zamanin juyin al'adu, wato rikicin siyasar Sin da ya fara a 1966, ya rasu a 1972. Kada ka yi musu dariya, Yaya, kai da kake ganin yadda shaguna ke cinye badala kullum.

Yanzu maganar tamu. Na gaji da jin cewa na auri mai cin alade. Ƙanwarka 'yar ƙabilar Hui ce, Musulma gaba da baya, mutanen unguwar Niujie ne a nan Beijing, masallacinsu ana danganta shi da shekara ta 996. Rufinsa irin na Sinawa ne, shi ya sa da kuka ga hoton ɗaurin aurenmu wasu suka ce a gidan gunki aka yi. Surukina ma, Allah ya ji ƙansa, da ya ga na saki hannu a sallah sai da ya je ya tambayi limaminsu ko nawa Musuluncin daidai ne, don su Hanafawa ne. Kowane ɓangare yana auna ɗan'uwansa.

Mu Hausawan Beijing ba mu da yawa kamar 'yan kasuwar Guangzhou: ɗalibai, ma'aikatan ofishin jakadanci, da 'yan rediyo, don tun 1963 ake watsa Hausa daga garin nan. Ranar Sallah a gida ɗaya muke taruwa. In an yi haihuwa sai an yi suna ranar bakwai, ko da ragon a unguwar Hui aka sayo namansa. 'Yarka ba ta taɓa gaishe ni a tsaye ba. Hausarta na ɗingishi, na yarda, takan ce "shi" inda ya kamata ta ce "ita", kuma tuwon shinkafa da tsinke take cinsa, abin da ya sa Inna dariya har da hawaye a waya. Amma wa ya taɓa kiranta ya yi hira da ita don harshen ya miƙe? Wayar da ke zuwa mana daga gida yawanci ta farashin batir ce da farantin sola.

Ita ce ta ji labarin kuna shirin rushe zauren Baba ku yi shaguna, ba ni na gaya mata ba. Ta ce in roƙe ka, kafin magina su sa hannu, a ɗaukar mata hoton ɗaurin gugan nan daga ƙasa, da jerin azara, da zankon da ke kan ƙofa, a kuma auna kaurin bango da tsawon ɗakin. In da hali ma ku dakata zuwa hutun watan Yuli, tana so ta zo ta auna da hannunta. Kuɗin hayar shagunan na watannin, ni zan biya.