Abin da tarwaɗa ke ci a Lagdo da wanda take ci a fadamar Logone

Ɗan'uwa, ka tambayi dalilin da ya sa tarwaɗar Lagdo, tafkin dam ɗin nan na arewacin Kamaru, ke sharewa in ka sa mata tana a ƙugiya, alhali ta wajen Kusiri, garin da ke bakin kogin Logone, ba ta barin ta. Kifin ɗaya ne, wurin kiwon ne ya bambanta.

Tarwaɗa ba ta da zaɓe, abin da ruwa ya ba ta shi take ci. Idan Logone ya cika ya malala cikin ciyayi wajen Satumba, takan bi ruwan ta yi ta kalar ƙwari, tana, 'ya'yan kwaɗi, dodon koɗi, har ƙwayar ciyawa. Na taɓa farke cikin wata a lokacin, fal fara da tsabar shinkafar daji. Da rani kuwa, in ta maƙale a kududdufi, laka take tona, 'ya'yanta ma ba su tsira ba.

Lagdo fa, tun da aka datse Binuwai a 1982 ruwa ne mai zurfi, ƙananan karfasa sun yi yawa, manyan tarwaɗa sun saba da farautarsu. Sa mata yankan kifi mai ɗan wari, ka dasa ƙugiyar bayan magariba kusa da ƙasa. Da gashin baki take laluben abinci, ba da ido ba.