Tambaya da amsa: Shin ya kamata gwamnati ta hana hawa motocin da ke zuƙar mai?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni malamin makaranta ne a Zariya, ina da wata tsohuwar Golf 3 da nake lallaɓawa. Kwanaki muna zaune a majalisa wani abokinmu yake cewa wai a Faransa an ninka wa masu manyan jif kuɗin fakin har sau uku, nan fa musu ya kaure, wasu na cewa mu ma gwamnati ta hana shigo da irin motocin nan gaba ɗaya tunda su ke shanye mana mai, wasu kuma suka ce mutum da kuɗinsa ina ruwan gwamnati da abinda zai hau. Ni dai tsorona kar a fara da masu jif a ƙare a kaina, dan tawa ma ba baya bace wajen shan mai. Meye gaskiyar lamarin?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam, Allah ya ƙara wa Golf lafiya. Abokin naku bai yi ƙarya ba, sai dai ba duk Faransa bace, birnin Paris ne. A watan Fabrairun 2024 aka yi ƙuri'a a birnin, kashi 54 da ɗoriya na waɗanda suka fito suka amince a ninka kuɗin fakin sau uku ga motar da nauyinta ya kai tan 1.6, in mai lantarki ce kuma tan 2, ya zama a tsakiyar gari awa ɗaya sai ka biya Yuro 18. Waɗanda suka fito zaɓen ma basu kai kashi 6 cikin ɗari ba, kuma ɗan unguwa da ya ajiye motarsa a unguwarsu ƙarin bai shafe shi ba. Amma ka lura da abu ɗaya, ba su ce kar ka hau ba, cewa suka yi hau abinka amma ka biya. Ni ma a nan na tsaya.

Bari in fara da masu cewa mutum da kuɗinsa. Da ace abin a aljihunsa kaɗai yake tsayawa da sai mu ce sun yi gaskiya. Daga Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ne, Corolla mai lafiya zata kai ka da lita 18 ko kusa da haka, Land Cruiser mai V8 kuwa sai ta lashe ninki biyun wannan, kuma sau tari mutum ɗaya ne a ciki da direbansa. Kowace lita ɗaya ta fetur in ta ƙone tana fitar da wajen kilo 2.3 na iskar da ke ɗumama duniya, ga hayaƙin da mai tallan ruwa a danja ke shaƙa, ga kuma in tsautsayi ya gitta, motar da gabanta ya kai ƙirjin mutum in ta bugi mai tafiya a ƙasa ba ɗaya bane da ƙaramar mota. Duk waɗannan mai motar baya biyansu, wasu ne ke biya masa. Mu a Najeriya ma abin yafi haka ban takaici, dan shekara da shekaru gwamnati ce ke tallafa wa mai jif ɗin. A 2022 kaɗai sama da naira tiriliyan 4 aka kashe a tallafin mai, kuma tallafin nan kan kowace lita ake biyansa, kenan wanda yafi kowa zuƙa shi yafi kowa cin moriya, kai mai Golf ka samu kaɗan, manomin da ko babur bashi da shi ya tashi da abinda bai taka kara ya karya ba. Dan haka maganar ina ruwan gwamnati bata taso ba, tun can da ruwanta a ciki.

Toh amma hanawa gaba ɗaya fa? Nan ne na rabu da ɗaya ɓangaren majalisar taku. Dokar hani in bata zo daidai ba mutane zagaye ta suke yi, kuma ba sai mun je nesa ba. A ƙarshen shekarun 1970 an yi doka a Legas saboda cunkoso, mota mai lambar da ta ƙare da mara ta fito yau, mai cika ta fito gobe, me ya faru? masu hali suka sayi mota ta biyu mai ɗaya lambar, shikenan. Birnin Meziko suka yi irinta a 1989, kowace mota akwai ranar da bata fita a sati, su ma mutane suka koma sayen ta biyu, kuma da yake ta biyun ta maneji ce sai aka riƙa sayo tsofaffi masu hayaƙi, an gudu ba a tsira ba. Yanzu ka ɗauko wannan ka kawo shi ƙasar da ke da iyaka da Binin da Nijar, ka ce daga yau an haramta shigo da mota mai babban inji. Wallahi jif ɗin zata shigo, ta Kwatano zata biyo ta daji, takardunta su fito tsaf, abinda ya canza kawai shine kuɗin da zai shiga asusun gwamnati ya koma aljihun 'yan fasa ƙwauri. Kuma akwai wanda babbar motar nan ba gayu yake yi da ita ba, likitan dabbobi da ke shiga rugage, ko mai kai taki ƙauye da damina hanya duk taɓo, in ka hana shi Hilux ka bashi me?

Labarin da nafi so in baka shine na Amurka, dan shi ke nuna yadda doka mai kyau ke lalacewa ta ƙaramar kafa. Bayan ƙasashen Larabawa sun rufe musu famfon mai a 1973, layi ya cika gidajen mai, sai a 1975 suka yi doka kan kamfanonin ƙera motoci, cewa in aka haɗa shan man duk motocin da kamfani ya sayar aka raba, dole ya kai wani mizani, zuwa 1985 ana so mota ta riƙa yin kusan kilomita 12 da lita ɗaya. A 1978 kuma suka ƙara da haraji na musamman kan mota mai shan mai, wanda yanzu yake kamawa daga dala 1,000 har 7,700. Dokar tayi aiki fa, motocinsu sun rage sha sosai. Amma sai aka ce a sassauta wa motocin aiki, su a-kori-kura da makamantansu, saboda manoma da 'yan kwangila, aka basu mizani mai sauƙi, harajin nan ma aka ce bai hau kansu ba. Kamfanoni suka ce toh madalla, suka ɗauko ƙashin motar aiki suka ɗora mata kujerun fata da na'urar sanyi suka sayar wa mai zuwa ofis, a takarda motar aiki ce, a titi kuma ta kai yara makaranta ce. Yau a Amurka jif da a-kori-kura sun fi ƙananan motoci yawa nesa ba kusa ba a cikin sababbin da ake saya. Kaga wanda ya sayi ƙaramar mota mai gudu yana biyan harajin shan mai, wanda ya sayi ƙatuwar da ta fita sha baya biyan ko sisi. Ga shi harajin gwamnatin tarayyarsu kan fetur tun 1993 yana nan a santi 18.4 kan galan, ba ɗan siyasar da ke son taɓa shi.

Faransa su sun fi iya wannan lissafin. Tun 2008 suke da tsarin da in ka sayi sabuwar mota mai yawan hayaƙi zaka biya tara ranar rajista, in mai tsafta ce a rage maka, a 2022 kuma suka ƙara da harajin nauyi, duk kilo ɗaya da ya haura 1,800 ka biya Yuro 10, daga baya suka sauko da shi 1,600. Wannan mai sayen sabuwa yake kamawa, shi yasa ba a yi wani tashin hankali a kai ba. Amma da gwamnatin Macron ta tashi ƙara harajin man kansa a 2018, wanda ke kama kowa har mai tsohuwar mota a ƙauye da ba bas ba jirgi, ai kaga abinda ya biyo baya, masu riguna ruwan ɗorawa suka rufe tituna sati da sati har aka janye ƙarin. Japan kuwa lallashi suka yi, ƙananan motocin nan masu inji cc 660 (cc shine ma'aunin girman inji) harajinsu da inshorarsu da sauƙi, sai mutane suka rungume su da kansu.

Yanzu mu dawo kan tsoronka, kuma tsoro ne mai tushe. A wajenmu masu shan mai kala biyu ne, akwai jif ɗin mai hali, akwai kuma tsohuwar motar mai ƙaramin ƙarfi da ta gaji, irin taka, irin Sharon ɗin da ke jigila tsakanin Zariya da Kano. Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin motoci miliyan 14, kashi 40 cikin ɗari nasu Afirka suka zo. In aka yi doka da ma'aunin hayaƙi ko shekarun mota kaɗai, kamar yadda Landan ke cajin tsofaffin motoci fam 12.50 kullum, toh kai zata kama, mai sabuwar V8 ya wuce abinsa yana ɗaga maka hannu. A Landan akwai jirgin ƙasa da bas ko'ina, kai in an ajiye maka Golf da me zaka je makaranta? Kuma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haye 500 cikin kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000, an riga an hukunta ka ai, ba sai an ƙara maka ba. Jiki magayi, kowa yaga yadda mutane suka jingine manyan motoci suka koma babur ba tare da wata doka ta ce musu komai ba.

Abinda nake gani ya dace shine a kama abin a bakin shigowa da wajen rajista, gwargwadon girman inji da nauyin mota, mai cc 1,600 ko 1,800 a sauƙaƙa masa kwastan sosai dan mutane su samu damar sayen mai ɗan sauran ƙuruciya maimakon wadda ta shekara 20, mai 4,000 zuwa sama kuma ya ji a jikinsa duk shekara in zai sabunta takardu, kuma kar a bar irin kafar Amurka, motar aiki ta zama mai rajistar aiki da gaske. An ma taɓa gwada ɗan ƙaramin abu irin wannan, a ƙarshen mulkin Buhari aka sa ƙarin harajin shigo da mota kashi 2 cikin ɗari kan inji daga cc 2,000, kashi 4 kan 4,000 zuwa sama, Tinubu na hawa ya dakatar da shi a watan Yulin 2023. Kashi 4 ɗin ma ga mai sayen motar miliyan ɗari da wani abu ai kuɗin shayi ne.

Sai dai fa duk wannan ba zai yi tasiri ba in gwamnati bata fara da kanta ba, dan babban kwastoman jif a ƙasar nan ita ce. A 2023 ɗin nan da ake ce wa talaka ya ɗaure ciki, a lokacin aka sayo wa 'yan majalisar tarayya manyan jif, su 469. Dattawa zasu gaya maka zamanin mulkin soja na Obasanjo manyan jami'an gwamnati Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna suke hawa, kuma ba wanda rawaninsa ya faɗi. A rage ayarin gwamna, a ƙayyade girman injin motar da za'a saya da kuɗin jama'a, wannan ko majalisa ba sai an je ba, takarda ɗaya ce daga ofishin shugaban ƙasa ko gwamna.

Ita kuma Golf ɗinka Malam, kafin gwamnati ta gama shawara, ka kai ta wajen bakanike ka tambaye shi ko tamostat ɗinta, wato abin da ke daidaita zafin inji, na nan, dan yawancin motocin da ke shigowa ana cire musu shi a haɗa fanka dairek wai saboda zafin ƙasarmu, sai injin ya kasa kai zafin da ya kamata, kwamfutar motar ta ɗauka har yanzu da sanyi tayi ta tura mai. A duba sensan da ke jikin salansa shima in ya mutu haka yake sa ta sha, a canza fulogi da matatar iska, ka riƙa gwada iskar taya duk sati biyu, sannan ka sauke tarkacen da ke but. Ka cika tanki ka rubuta lambar kilomita, in ka sake cikawa ka raba kaga lita ɗaya nawa take kai ka, in a cikin gari bata yin kilomita 8 toh da sauran gyara a jikinta.